Ranar da Na Sa Gatari a Tudun Gabas

Bazara ce, irin wadda ba ta zo da alkawarin komai ba. Daminar da ta gabace ta ruwa uku aka yi. Na huɗun ya haɗo ya yi baƙi har muka kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye bai fidda kai ba. Tun kaka ba ta ƙare ba rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, daga baya su ma ɓerayen suka bar mu. Abin da na fi tunawa a shekarar nan ba yunwar ba ce, shirun ne. Garin da ake tashi da ƙarar taɓarya tun asuba, wannan gida na amsa wa wancan, sai ga shi hantsi ya yi ba ka ji luguden kowa ba. Jakuna sun daina kuka. Yara ma in za su yi wasa, a zaune suke yi.

A shekarar ina da goyon fari, ƴa mace. Saboda ita na yi abin da zan faɗa, kuma har ta fara furfura ba ta san da shi ba. Da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba ya sauri. Mai karatu ya yi haƙuri da ni, a hankali zan tafi.

Garinmu a kan tudu yake, cikin ƙasar Gure, kwarinmu kuma yana ƙasa da shi, lotsattsen wuri tsakanin tuddan rairayi kamar akushi. In ka tsaya a bakin gari ka leƙa, kore ne shar: goriba ta zagaye baki, dabino na biye da ita, sai lambuna, can tsakiya kuma farin fili inda kanwa ke tsatsowa. A ƙuruciyata ruwa bai kai gaba biyu ba, mai tsohon ciki ma tana jan guga ba ta yi nishi ba. Da safe abin da kunne ke fara ji shi ne kukan jigo, yana sauka yana tashi da ruwa, kurciyoyi na amsa masa daga kan dabino. Mu ƴan mata aikinmu yankan kaba ne da tsintar goriba da korar awaki daga albasa. Mu jiƙa kabar, mu zauna a inuwa muna saƙar tabarma, bakinmu duk garin goriba, tsofaffi na cewa saƙarmu ko kaza ba za ta yarda ta kwanta a kai ba. In lokacin dabino ya yi, maza su hau da furen namiji su ɗaura wa macen, suna waƙa daga sama, suna tsokanar duk wadda ta wuce da tulu. Makiyaya su sauko da dabbobi lasar kanwa, su ba mu nono mu ba su rogo. Yanzu in na gaya wa jikokina haka, sai su dubi wurin, su dube ni. Ba sa cewa ƙarya nake, suna da tarbiyya. Amma abin da ke gabansu farin rairayi ne, da kawunan dabino biyar ko shida da suka leƙo kamar mutanen da ruwa ya ci.

A gabas da kwarin akwai tudu ɗaya da ya fi duka tsawo, ta wajensa iska ke zuwa yawancin shekara. Wannan tudun ba a taɓa shi. Ba a sara, ba a kiwo, ko busasshen itace ba a tsinta. Don haka ya cika da kandili da aduwa da dakwara, ƙarƙashinsu kalimbo, tsiron nan mai siraran rassa kamar tsintsiya, da ciyawar shekara da shekaru da ta kwanta ta yi kauri. An ce mana garin iskoki ne. An ce wani ya taɓa karyo reshe, ya dawo bakinsa a karkace. An ce wata ta bi ɗan akuyarta ciki, ta haifi abin da ba a nuna wa mutane ba. Ba wanda ya san sunan wanin nan ko watan nan, ba kuma wanda ya tambaya. Uwar mijina, wadda nake kira Iya, in ta ga yaro ya doshi wurin sai ta ce, "Tudu da rigarsa aka san shi. Wanda ya tuɓe masa, da tasa zai biya." Mu dai iskokin muka riƙe. In za mu wuce ta gefensa sai mu yi bisimilla mu ƙara sauri. A gindin wannan tudun Iya ke da dabino bakwai, gadon uwarta. Su ne bangon gidanmu: duk shekarar da gona ta gaza, su ake kaiwa kasuwar Gure a dawo da hatsi.

Da bazarar ta yi nisa maza suka watse cin rani, har da maigidana. Aka bar mata da tsofaffi da yara. Muka koma kan ƴaƴan anza, masu ɗacin da sai an jiƙa an yi ta zubar da ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu, da ƙwayar ƙarangiya da muke sussukawa hannu na jini. Shanu suka fara kwanciya. Wadda ta kwanta sai an taru an ɗaga ta da sanduna, in ta sake kwanciya a kawo wuƙa. Rijiyoyin kwari suka ja baya, lambuna suka ƙone. Duk wani kore da ke yamma da kudu da arewa an cinye shi ko an sare. Nonona ya ƙafe. Yarinyar ta kama ta tsotsa ta saki, ba ta da ƙarfin kuka ma, sai wani ɗan sauti kamar na ɗan mage. Abin da ke riƙe da ranta jar akuya ce guda da aka ba ta ranar suna, ita ma ƙashin bayanta ya fito, abin da ake tatsa ba ya cika ludayi.

Ga kuma kunyar ɗan fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ƴar fari, ba ta yi mata wasa gaban mutane, ba ta nuna damuwa in ta yi ciwo. A ɗakin Iya yarinyar ke kwana, a bayan Iya take wuni. Ni dai a miƙo mini in shayar in mayar, ina kallon wani wuri. In mata suka ce, "Yaya mai jiki?" sai in ce, "Ku tambayi Iya." Da na yi kuka a fili, da an shekara ana ba da labarina. Cikina ne kawai ya san abin da yake ɗauke da shi.

Ranar da aka tatsi akuyar aka sami abin da bai rufe gindin ludayi ba, na jira rana ta take tsaka, lokacin da ko kare ba ya fita, lokacin kuma da aka ce iskoki ke zaman inuwa. Na ɗauki ƙaramin gatarin maigidana na ɓoye cikin zane, na zagaya ta bayan kwari, rairayi na ƙona mini tafin ƙafa. Ina shiga cikin itatuwan sai na ji sanyi. Ƙasar wurin ba ta nutsewa kamar ta sauran tuddai, tauri gare ta, baƙa-baƙa, da ƙanshin ruɓaɓɓen ganye. Na tsaya gaban wani kandili na yi sallama, don an ce in ka shiga gidan mutane ka yi. Na ce, "Ku yi mini gafara, ba don kaina ba ne." Na karanta abin da na iya. Na rufe ido na kai sara. Ƙarar ta tafi ta dawo. Na tsaya ina jiran bakina ya karkace, har na sa hannu na shafa shi. Ba abin da ya faru. Wani ƙadangare ne kawai ya gyaɗa mini kai daga kan reshe.

Na ɗauro ganye da ciyawa na rufe da tsohon zane, na shiga gida ta baya. Akuyar ta ci har tana rawar jiki. Kwana uku ina haka, a na huɗu ludayi ya cika. Da yamma ina tsugune ina tatsa, Iya ta zo ta tsaya a kaina. Ta sunkuya ta cire wata ƙaya daga gefen zanena, ta juya ta a yatsa.

Ta ce, "Wannan ƙaya ba ta yamma ba ce."

Na ci gaba da tatsa.

"Me kika gani a can?"

Na ce, "Ban ga komai ba, Iya."

Ta ce, "Haka ne. Ba a ranar ake ganinsa ba."

Ta daɗe a tsaye tana kallon gabas. Sannan ta karɓi ƙwaryar daga hannuna, ta sauko da yarinyar daga bayanta, ta zauna tana ba ta da ɗan ludayi, kaɗan-kaɗan. Ba ta ce in daina ba. Ba ta ce in ci gaba ba.

Da a nan abin ya tsaya, da tudun bai ma san an taɓa shi ba. Amma akuya mai ƙoshi ba ta ɓoyuwa a garin yunwa. Maƙwabciyata Yagana, wadda aka kawo mu aure shekara ɗaya, mai bakin da ko yunwa ba ta rage masa kaifi ba, ta leƙo ta kan darni wata safiya.

Ta ce, "Amaryar Iya, wane malami ke yi wa akuyar nan rubutu? Ki kai ni, ni ma ya yi mini, ko na sami abin ɗaura zane a kai."

Na ce, "Allah ne."

"Allah na kowa ne. Ko tawa akuyar ba ta salla ne? Jiya iska ta kayar da ita sau biyu." Ta shigo ta buɗe bakin akuyar kamar mai saye a kasuwa, ta zaro ɗan koren ganye daga haƙorinta. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta rage murya ta ce, "Ke! Can kika je?"

Na gyaɗa kai.

Ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu. "Bakin nan daidai yake. Munin dai na da ne." Sai ta ce, "Don Allah, ƴar'uwa, gaya mini gaskiya. Tagwayena tun shekaranjiya ruwan anza suke sha. Akwai su a can?"

Na ce mata, "Ba kowa, Yagana. Inuwa ce kawai."

Wannan maganar ita ce saran da ya fi na gatarin. Na faɗe ta da tausayi, kuma gaskiya ce. Kafin mako ya zagayo mata goma ke hawa, sannan aka daina ɓoyewa, sannan aka ga wahala ce ɗauko ganye, gara a kora awakin can. Bulama, mai garinmu, ya tara mu ya yi faɗa, ya ambaci kakanni. Wata tsohuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, kakanni sun bar mana tudu, amma ba su bar mana ruwa ba." Bayan kwana biyu aka ga raƙuminsa ma a can, wai ya tsinke igiya. Da makiyaya suka ji, suka zo da abin da ya rage musu. Da ganye ya ƙare aka sare rassa, da rassa suka ƙare aka kwantar da itatuwan aka kai itacen wuta kasuwa, a ƙarshe har saiwa muka tono. Yara da yawa sun rayu a shekarar saboda tudun nan, tawa na cikinsu. Wannan ma gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Ruwa ya dawo shekara ta gaba, ba kamar da ba, amma an ci tuwo. Muka ce tudu zai mayar da rigarsa. Bai mayar ba. Baƙar ƙasar nan iska ta kwashe ta a rani ɗaya, farin rairayi ya fito daga ƙarƙashi, sai ya fara tafiya. Ba ya gudu. Yau ka kafa sanda a gabansa, bayan wata ka tarar da rabin sandan. In iska na kaɗawa za ka ji shi yana zuba a kan kaba, shhh, kamar ana sheƙar gero. Ya fara cin goribar baki, ya ci shingen lambu, ya iso dabinon Iya. Muka yi ta kwasa da ƙwarya da kwando, mu kwashe da safe ya mayar da yamma. Dabino ba ya mutuwa da wuri. Rairayi ya kai masa ƙugu yana haihuwa, ya kai masa wuya yana haihuwa, har akwai shekarar da yara suka tsinki dabino a tsaye ba su hau ba, suna murna. Iya ta ga mutuwar biyar kafin tata. A ciwon ajalinta, ina shafa mata ƙafa, ta ce da ni, "Iskokin nan da muke gaya muku, ni ma haka aka gaya mini, ban taɓa ganinsu ba. Amma uwata ta ce kakarta ta baro wani kwari da tudu ya cinye. Da an ce muku rairayi ne, wa zai ji tsoron rairayi?" Na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta ce, "Ni na ba yarinyar nonon." Ba mu ƙara maganar ba.

Yanzu shekaru sun tura. Damina ta zama baƙuwar da ba a san ranar zuwanta ba: ta makara, ta zubar da ruwan wata guda a yini ɗaya ya rusa ɗakuna, ta ɗauke lokacin da gero ke neman ta. Alamomin da tsofaffi suka bar mana, zuwan shamuwa da juyawar iska, duk sun daina faɗin gaskiya. Zafin bazara kuwa, wanda muka sani da ƙanensa ne. A ajinmu malama ta ce abin ya game duniya, sunansa canjin yanayi, wai hayaƙin injuna na ƙasashe masu nisa ne ya dagula sama. A rediyo ma na ji haka. Ta ce akwai kwaruruwan da ba a sari ko reshe ba, su ma ruwansu ya yi nisa. Na yarda da ita, mace ce mai ilimi, kuma na ɗan ji sanyi. Amma hayaƙin nan ban san masu shi ba. Gatarin kuwa na san hannun da ya riƙe shi.

Da ƴan furoje, ma'aikatan wani shirin taimako, suka zo tare da masu gandun daji, suka koya wa mutane ɗaure tudu. Ana kafa shinge na kalimbo ko kara, layi-layi ana gicciyawa kamar gidajen dara, daga ƙoƙuwar tudu zuwa ƙasa, don iska ta rasa wurin ɗiba. In damina ta sauka a dasa ƴan itatuwa a cikin gidajen, a watsa irin ciyawa, a hana dabba shiga shekaru. Sun kawo gero mai saurin nuna, sun nuna mana murhun laka mai cin itace kaɗan, sun ce in ana sassabe a riƙa barin ƴan itatuwan da suka tsiro a gona. Abin da tsofaffi suka tsare da iskoki, yanzu da mai gadi da takarda ake tsare shi. Ƴar farin nan tawa ita ce shugabar matan da ke wannan aikin. Ta yi shekaru tana hawa tudun nan da dami a ka, don rijiya ɗaya da ta rage a kwari, wadda gari duka ke sha.

A bazarar da ta wuce aka yi wata iska ta yini biyu, ta karya layukan sama, ta binne dashen bara. Kalimbon kusa duk an yanke, babbar motar kamyon da ke kawowa daga nesa kuma ba a san ranar isowarta ba. In ba a toshe ɓarakar ba kafin wata iskar, rairayi zai sauka kan rijiyar. Da la'asar ƴar tawa ta shigo gidana, idanunta jawur, leɓenta a fashe. Na miƙa mata ruwa. Ta sha, ta ajiye moɗa, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya fara sa gatari a tudun nan. Ban yafe ba, duniya da lahira."

Allah ya isa ba ta ɓatan hanya, ko mai aika ta bai san gidan ba. Ni ga kabari kusa, ita kuma ga ƴa ta ja wa uwarta ba ta sani ba. Na ce, "Ke. Janye."

"In janye me, Inna? Kin san abin da muka gani yau?"

Ban iya kallonta ba, kunyar ba ta tsufa. Na dubi bango na ce, "Wata ce. Tana da yarinya a ɗakin uwar mijinta, nono ya ƙafe, sai akuya guda." Na faɗa mata duka, har abin da na gaya wa Yagana.

Tun tana ƙarama ana tsokanarta da ƴar jar akuya, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ta ce, "Akuyar ja ce?"

Na ce, "Ja ce."

Ta dubi tafin hannunta, duk sartse da kanta. Ta ce, "Ashe ni na ci kwarin."

Na ce, "Ba ke ba. Ke ko zama ba ki iya ba." Amma ta riga ta miƙe. Na ce ga tuwo, ta ce ta ƙoshi. Ta fita ba ta ce ta janye ba. Shekara da shekaru ina ɗauke da kayan nan ni kaɗai, ranar da na sauke kuma a kanta na sauke.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ɗauki wuƙa na fara yanke igiyoyin darnin gidana, na karan gero, wanda jikokina suka kafa mini da kaka. Na kwance gefen gabas, na kwance na makewayi, na tara karan na ɗaure dami biyu. Gida ya zama fili, mai wucewa na ganin har tukunyata. Ina ƙoƙarin ɗaga ƙaramin damin na kasa, sai na ga ƙafafunta a gabana. Ta dubi gidan, ta dubi damman.

Ta ce, "Inna, ina za ki yi wanka?"

Na ce, "Tsohuwa, wa zai leƙa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo ta sa mini a ka, ta ce, "Sunkuya." Ta ɗora mini ƙaramin, ta ɗauki babban. Maganar jiya ba ta tayar ba, ni ma ban tambaya ba. Muka kama hanyar tudu, ita a gaba ni a baya, ina sa ƙafata a sawunta, don rairayi ya fi tauri inda wani ya riga ya taka.